Ƙasar da Aka Tono Daga Ramin Bututun Gas: Ta Wa Ce, Kuma Ina Za Ta?

Masu sauraro na Yelwa da Sintali da Mayo Gwoi da Sabon Gari, da duk inda muryarmu ke kaiwa a Jalingo da kewayenta. A ranar 30 ga Yunin 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun iskar gas da ake kira AKK, wanda ya taso daga Ajaokuta ta jihar Kogi, ya ratsa Abuja da jihar Neja da Kaduna, ya nufi Kano. Tsawonsa kilomita 614, faɗin bakinsa inci 40, kuɗin aikin kuwa kimanin dala biliyan 2.8. Tun daga lokacin an sha magana a kan amfanin da ake sa rai: wutar lantarki, takin zamani, da farfaɗowar masana'antun Kaduna da Kano. Duk wannan abin so ne, muna kuma addu'ar Allah Ya cika shi. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, alhali ita ce ta fi kusa da manomin da bututun ya ratsa gonarsa: ƙasar da aka tono daga wannan dogon rami, ina ta nufa? Abin da nake so in kafa hujja a kai yau shi ne, wannan ƙasa dukiya ce mai masu ita, kuma wajibi ne a rubuta makomarta a cikin takardar kwangila tun katafila ba ta sauka a gona ba.

Duk wanda ya taɓa leƙa sabon rami a gona ya san ƙasa hawa-hawa take. A sama akwai baƙa-baƙa mai laushi, kaurinta taƙi ɗaya ko biyu, cike da saiwoyi da tana da ruɓaɓɓen kara da kashin dabbobi. Nan hatsi ke cin abincinsa. Da ka wuce ta sai launi ya sauya, ka tarar da jar ƙasa ko yumɓu ko tsakuwa, wani wurin ma marmara ce da sai an sa ƙarfe. Wannan ta ƙasan ba ta ciyar da shuka, amma ita magina ke nema. Masana ilimin ƙasa sun ce kafin ƙasar noma mai kaurin yatsa ɗaya ta samu da kanta, sai an shafe ɗaruruwan shekaru. Saboda haka ƙa'idar shimfiɗa bututu a duk inda ake aiki da hankali ita ce a fara kankare ƙasar saman a tara ta gefe guda, sannan a tona ramin a zuba ta cikin a ɗaya gefen, kada su haɗu. In an gama walda, an shimfiɗa yashi mai laushi don kada dutse ya kwarzane fatar bututun, an sauke shi, sai a mayar da ta ƙasan a daddanne, a ƙarshe a dawo da ta saman a baje ta inda aka ɗebe ta. Idan kuwa gaggawa ta sa direban katafila ya ture su duka wuri guda, to an yi gamin garin tuwo da yashi, babu mai sake raba su.

Bari mu yi lissafi, don kada a ɗauka ƙaramin abu ne. Bututu mai inci 40 ya ɗan haura mita 1 a faɗi, kuma kowace mita ta tsawonsa tana cinye gurbin ƙasa kusan kubik mita 0.8. In ka ninka wannan da kilomita 614, za ka samu kubik mita kusan 500,000 na ƙasar da bututun ya zauna a mazauninta. In tifa tana ɗaukar kubik mita 10, lodin tifa 50,000 ke nan. Gaskiya ne ana tula wani kaso a bisa ramin, saboda ƙasa takan lotsa bayan damina ɗaya ko biyu. Amma kuma yashin da aka kawo daga waje ya ƙara cinye gurbi, duwatsun da aka fasa ba a mayar da su jikin bututu, sannan ƙasar da aka tona takan kumbura ta fi yadda take kafin a taɓa ta. Rara dai tilas ce. Ta fuskar gonaki kuma, ko da faɗin mita 20 kacal aka share wa motocin aiki, a tsawon wannan hanya ya haura hekta 1,200, kuma daga Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano galibin filin nan gonakin masara ne da dawa da gero da waken suya.

Ko an raba ƙasar kamar yadda ƙa'ida ta ce, gona ba ta fita lafiya lau. A Amurka, masu bincike na Jami'ar Jihar Iowa sun bi diddigin gonakin da bututun mai na Dakota Access ya ratsa bayan an binne shi a 2016, suka tarar a daminoni biyun farko amfanin waken suya ya ragu da kusan kashi 25 cikin 100, na masara kuma da kusan kashi 15. Dalilan biyu ne: cakuɗuwar ƙasar sama da ta ƙasa, da kuma nauyin manyan motoci da ke danne ƙasa har ruwa ya kasa shiga, saiwa ta kasa ratsawa, musamman in an yi aikin ƙasa na jiƙe. Wannan fa a wurin da manomi ke da tarakta da taki da lauya ke nan. To ina ga mai kadada biyu a Soba ko Makarfi ko Kura, wanda garmar shanu ce ƙarfinsa, buhun taki kuma sai ya sayar da akuya? Shi alamar za ta fito masa ƙarara: layi guda miƙaƙƙe a tsakiyar gona inda masara ke tsayawa iya gwiwa tana rawaya, hagu da dama kuwa ta fi mutum tsawo.

A nan ne batun diyya ke da giɓi. Yadda aka saba a ƙasar nan, jami'ai kan zo su ƙirga abin da ke tsaye: kunya nawa ta dawa, mangwaro nawa, ɗorawa nawa, ɗaki nawa. A biya, a sa hannu, a watse. Amfanin shekara guda aka biya, ƙarfin gonar kuwa, wanda kaka da uba suka tara da takin shanu da sharar gida shekara da shekaru, ba ya cikin lissafin. Mutanen karkarar Kano sun fi kowa sanin wannan, su da tun zamanin da suke ɗauko taki daga birni a mangalar jaki suna kai wa gonakinsu duk rani, har ƙasar ta riƙa ba da amfani kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Ƙasar saman irin wannan gona aikin hannu ce, gumi ne aka zuba. Kuma doka ba ta rufe ƙofa ba. Dokar bututun mai ta 1956, wadda har iskar gas ta shafa, ta wajabta wa mai lasisi biyan duk wanda aikin ya cutar da filinsa. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi wa manyan ayyukan da za su iya shafar muhalli wannan bincike, a kuma baje rahoton jama'a su duba. Abin da ya rage shi ne waɗannan alkawura su sauko daga takarda su zama adadi: kaurin ƙasar da aka kankare a gonar wane, inda aka tara ta, ranar da aka mayar, da wanda ya shaida. A ganina bai kamata a sallami ɗan kwangila da cikon kuɗinsa ba sai an ga amfanin damina biyu a kan layin.

Sai rarar jar ƙasa da tsakuwa da dutse, wadda ba ta da gurbi a rami, ba ta kuma da amfani a gona. Ita ce ake yawan ɗauka kamar shara, ita ce kuma ta fi saurin samun mai so. Kowa a Jalingo ya san ƙasar ciko da kuɗi ake sayenta. Duk mai aza harsashin gida sai ya kira tifa. Masu gyaran hanyar karkara ita suke nema, masu buga tubali da jan bulo ita suke nema, makarantar da ruwa ke kwanciya a filinta ita take nema. A lokaci guda kuma, don a samo irin wannan ƙasa, ana ɓarke sababbin ramuka a bayan gari, a kwashe a tafi a bar su buɗe, damina ta cika su, su zama matattarar sauro, wani lokacin ma su ci yaran da suka je wanka. Wato a wuri guda ana rasa inda za a kai ƙasa, a wani wurin ana lalata fili don a same ta. Ku dubi tsakanin Kaduna da Kano: bututun AKK, da sake gina babbar hanyar Abuja zuwa Kano da aka fara a 2018, da layin dogon Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a Yulin 2021, duka ukun na Gwamnatin Tarayya ne, duka a yanki guda suke tafiya. Ɗaya na fitar da ƙasa, biyu na haɗiyar ta. Jama'a na da haƙƙin a nuna musu lissafin abin da wannan ya fitar da abin da waɗancan suka karɓa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta a tsakanin ƙarshen ƙarni na 11 da farkon na 12, da ƙasar ramin da ke kewaye da ita aka tashe ta. Tono guda ya ba da katanga, ya ba da rami, duka biyun kariya. Haka Zariya, haka Katsina. A zamaninmu kuma, da aka haƙa sabon layin dogo na ƙarƙashin birnin Landan, wanda aka buɗe a 2022, an ɗebi fiye da tan miliyan 3 na ƙasar da aka tono aka kai ta a jiragen ruwa zuwa tsibirin Wallasea, aka gyara gaɓar teku da ita ta zama mafakar tsuntsaye da kariya daga ambaliya. Abin lura a wannan misali shi ne an tsayar da inda ƙasar za ta tun kafin a fara haƙa, aka gina mata wurin saukewa, aka sa kuɗin jigilarta a kasafin aikin. Tun ran gini ran zane.

Na san abin da injiniya zai ce, kuma maganarsa abar saurare ce. Zai ce raba ƙasa gida biyu yana buƙatar ƙarin fili da ƙarin kwanaki, jigila kuma man dizal take ci, aikin da ya riga ya wuce wa'adinsa ba ya son ƙarin nauyi. Na yarda ƙasa kaya ce mai nauyi mai arha, in ta yi nisa kuɗin mai ya fi ƙarfin darajarta, don haka ba mai hankalin da zai ce a ɗauko ta daga Kogi a kawo Kano. Amma bututu ba a wuri ɗaya yake fitar da rararsa ba, kaɗan-kaɗan yake fitarwa a tsawon hanya, kimanin lodin tifa 80 a kowace kilomita bisa lissafinmu na ɗazu. Da wuya ka yi tafiyar kilomita 10 a Arewa ba ka tarar da hanyar ƙauye da ta yanke ba, ko tsohon ramin da masu titi suka bari, ko kasuwar da ke zama taɓo da damina. Batun tsada kuwa, in aka ƙi kashe kuɗin ba ɓacewa yake yi ba, komawa yake kan wani: manomin da amfaninsa ya ragu, da ƙaramar hukumar da za ta yashe kwalbatin da tulin ƙasa ya toshe. A aikin dala biliyan 2.8, ladan direban gireda na 'yan kwanaki ba shi ne zai karya kasafi ba.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, shi ne ba kowace ƙasa ce ke shiga kowane aiki ba. Haka ne. Baƙin yumɓun fadama da ke kumbura da damina ya tsage da rani, in ka cika harsashi da shi ka gayyato tsagewar bango. Ƙasar da man inji ya zuba a kanta, ko taɓon da ke fitowa in an huda ƙarƙashin kogi, kamar yadda aka yi kafin kamfanin NNPC ya sanar da tsallakar da bututun ta ƙarƙashin Kogin Neja a 2025, sai an gwada kafin a kai su kusa da rijiya ko gona. Hatta ƙasar noma mai kyau ba a yawo da ita daga gona zuwa gona, domin irin wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, yana iya kwanciya a cikinta fiye da shekara 10, sai ka kai wa mai tsabtatacciyar gona annoba da sunan alheri. Haka kuma juye ƙasa a kwazazzabo ba tare da an karkatar da ruwan da ya haƙa shi ba, ba a daddanne ba, ba a dasa ciyawa ba, ruwan farko zai kwashe ta ya kai kogi ya cike shi. Duk waɗannan gaskiya ne, amma abin da suke nunawa shi ne a tantance, a gwada, a sa masani a kai. Kowane babban aikin gini yana da ɗakin gwajin ƙasa tun asali, jami'o'inmu kuma, daga Ahmadu Bello ta Zariya zuwa Bayero ta Kano zuwa Jami'ar Jihar Taraba da ke nan Jalingo, suna da malamai da ɗaliban da za su iya wannan.

Akwai masu tsoron cewa in aka ce ƙasar ta jama'a ce, mutane za su yi ta zuwa da diga da shebur suna tono kusa da bututun gas. Wannan tsoro a wurinsa yake, domin iskar da ke cikin irin wannan bututu a matse take ƙwarai, kuma haramun ne a yi gini ko tono ko dasa manyan itatuwa a kan layinsa. Sai dai tulin ƙasar da aka bari ba mai shi a gefen layi, shi ne ke kiran mai shebur. In an kwashe shi da rana tsaka, da takarda, zuwa wurin da mai unguwa da dagaci da ƙaramar hukuma suka amince, an rufe wannan ƙofa. An kuma rufe ta cuwa-cuwa, inda wani zai sayar da abin da ba nasa ba cikin dare. Direbobin tifa na yankin su ya kamata a ba jigilar, a biya su a fili.

Wani mai sauraro a Kasuwar Yelwa zai ce, to mu ina ruwanmu, tunda bututun gas bai iso Taraba ba? Bai iso ba, gaskiya ne. Amma an ayyana 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goman iskar gas a Nijeriya, an fara haƙar mai a Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe a Nuwamban 2022, ana kuma maganar zarcewa da bututu daga Kano ta Jamhuriyar Nijar har Aljeriya, tafiyar da jimillarta ta haura kilomita 4,000. Ramuka na nan tafe, ƙa'idar da aka kafa a kan na farko ita za ta bi sauran. Kafin nan ma, tono ba ya yankewa a cikin Jalingo: na bututun ruwa, na magudana, na wayar intanet, na sababbin tituna. Ku dubi abin da ke faruwa bayan an tashi daga aiki. Tulin jar ƙasa a bakin kwata, yara na hawa suna zamewa, mai shago ya kara katako yana tsallakawa, ruwan sama guda biyu ya narkar da rabinsa ya zuba a magudanar da aka gina jiya. Garin nan a gindin duwatsu yake, ruwa da gudu yake saukowa, duk abin da ya kwasa kuma Mayo Gwoi da Lamurde yake kai wa. Kogin da cikinsa ya cika da ƙasa, gidajen mutane yake nema. Waɗanda suka ga ambaliyar Agustan 2005 da ta karya gadar Nukkai ta ci rayuka masu yawa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Ga shi kuma Taraba na cikin jihohin Arewa 19 da ke cikin shirin ACReSAL na gyaran ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya ba rancen dala miliyan 700. Bai dace a ci bashi ana sayen ƙasar cike kwazazzabo ba, alhali wani aikin gwamnati na zubar da irinta a unguwar da ke maƙwabtaka.

Don haka kirana ga Ma'aikatar Muhalli da ta Ayyuka ta jihar Taraba, da ƙaramar hukumar Jalingo, shi ne su buɗe rajista guda: duk mai aikin da zai tono ƙasa mai yawa ya rubuta adadinta da irinta da ranar fitarta, duk mai buƙatar ciko ya rubuta, a haɗa su. 'Yan majalisarmu na jiha su nemi a sa wannan sharaɗi a kowace kwangila. Iyayenmu masu unguwanni da dagatai, Allah Ya ja zamaninku, ranar da masu awo suka zo da tutocinsu, kafin a kai ga maganar kuɗin itatuwa, ku tambaye su ina za a ajiye ƙasar sama, yaushe za a mayar, rarar kuma wa za a ba, ku ce a rubuta a ba ku kwafi. Kai kuma manomi, ka tsaya a gonarka ranar da katafila ta shigo, ka kira shaidu biyu, ka ɗauki hoton kaurin baƙar ƙasarka da wayarka, kada kuma ka sa hannu a takardar kammala aiki sai ka ga an mayar maka da ita a samanta. Mu kwana nan, Allah Ya ba mu damina mai albarka.